Babban Kwat Ba Shi Ne Maganin Ɗarin Mai Keke Ba

'Yan'uwa manoma, hunturu ya kama, kasuwanni kuwa sun cika da kayan sanyi. Wanda ya shiga Katako a Jos, ko kasuwar Mangu ran Jumma'a, zai ga jama'a sun yanyame masu gwanjo, kowa yana ɗaga kwat yana jinjina nauyinsa a hannu. Wanda ya fi kauri da nauyi shi ake rububi. Mutum ya zube kuɗinsa duka a kan kwat guda, ya koma gida yana murna, wai ya gama da ɗarin bana. In mai gadi ne ko mai tsaron shago, ya yi ciniki mai kyau. Amma in keke zai hau da asuba, a ganina ya sa kuɗinsa inda bai kamata ba. Babban kwat shi ne abu na ƙarshe da mai keke yake bukata. Akwai ƙananan abubuwa da suka riga shi, waɗanda ko an haɗa su duka ba safai suke kai kuɗin kwat ɗin ba.

Abin da ya ta da wannan magana kowa ya san shi. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a garuruwan arewa cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Tun daga nan mutane suka soma jingine babur, suna sauko da tsofaffin kekunan da suka daɗe a rataye: Raleigh na iyaye, Phoenix na ƙasar Sin, Hero na Indiya. Da su ake zuwa ban ruwa a lambu tun gari bai waye ba, da su ake kai kabeji da karas da dankalin Turawa bakin titi kafin motar Farin Gada ta wuce, da su yara suke zuwa makaranta. Sai dai mun dawo kan keke da irin suturar da muka saba da ita a kan babur, alhali kuwa aikin ba ɗaya ba ne.

Bari mu fara da ɗarin kansa. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200 daga bakin teku, Mambila kuma ta fi haka. Duk mita 1,000 da aka hau, iska takan ƙara sanyi da wajen digiri 6. Shi ya sa a Disamba da Janairu ma'auni yakan sauka zuwa digiri 10 da dare a kan dutsen nan, wani lokaci ma ƙasa da haka. Lokacin da ya fi kowane sanyi kuwa shi ne dab da fitowar rana, watau daidai sa'ar da manomin rani yake kan hanya. Sa'an nan mai keke yana yi wa kansa iska. In ma'auni yana nuna 10, kai kuma kana gudun kilomita 20 a awa, fatarka za ta ji kamar digiri 7 ne. In jaura tana bugo ka ta gaba daga arewa maso gabas, abin ya ƙara tsanani.

To, me ya raba mai babur da mai keke? Mai babur yana zaune ne kawai, inji yana yi masa aiki, iska mai ƙarfi tana dukansa. Jikinsa ba ya yin wani zafi, don haka tilas ya nemi kauri. Mai keke kuwa shi ne injin. Cikin kashi huɗu na ƙarfin da jiki yake ƙonawa wajen taka feda, wajen kashi uku zafi suke zama. Mai keke yana tafe da murhunsa a cikin ƙirji. Bayan minti goma yana tafiya, musamman in da kaya a kariya da hawan tudu a gaba, zai soma gumi ko da gari yana muku-muku. In ya rufe wannan murhu da ƙaton kwat, gumin ba shi da hanyar fita.

Nan ne wahalar take, gama gumi shi ne babban abokin gaban mai keke, ba iska kaɗai ba. Ruwa yana janye zafi daga jiki kusan sau 25 fiye da yadda busasshiyar iska take yi. Singileti na auduga yakan sha gumi ya riƙe shi, ya manne a baya. Muddin kana hawa ba za ka ji kome ba. Amma ƙasarmu tudu da gangare ce. Da ka kai ƙolin tudu ka saki feda, murhu ya mutu, iska ta ƙaru, jiƙaƙƙiyar riga tana jikinka. Ko kuwa ka isa bakin titi ka tsaya jiran mota rabin awa. Sai ka ga mutum cikin kwat mai tsada yana karkarwa, haƙoransa suna haɗuwa, yana mamaki ta ina sanyin ya shiga. Bai shigo daga waje ba. Gobe sai ya ƙara wata riga a ciki, ya ƙara gumi, ya ƙara shan ɗari.

Maganin abin shi ne riguna marasa kauri guda uku maimakon guda mai kauri. Abin da yake riƙe ɗumi ba tufar ba ce ita kanta, iskar da ta maƙale tsakanin tufa da tufa ce. Ta farko, mai taɓa fata, kada ta zama auduga. Jesin 'yan ƙwallo, irin mai santsin nan da yake cike da kowace kasuwa, ya fi singileti nesa, gama ba ya riƙe ruwa, yana bushewa da sauri. Ta biyu suwaita ce. In ka sami ta ulu na gaske, na gashin tumaki, ka saya, domin ulu yana ba da ɗumi ko da ya ɗan jiƙe. Duba ɗan ƙyallen da aka ɗinka a wuya ko a gefe daga ciki, a nan ake rubuta abin da aka saƙa ta da shi. Ta uku jaket ce marar nauyi wadda iska ba ta ratsa ta, mai zif a gaba. Akwai hanya mai sauƙi ta gwada ta tun a gaban mai gwanjo: kara tufar a bakinka ka hura da ƙarfi, ka sa hannu ta ɗaya gefen. In ka ji iskar ta fito sosai, jaura ma za ta shiga. Ka ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku kafin ka biya, gama zif shi ne dukan amfanin jaket ɗin. Da shi za ka buɗe a hawa, ka rufe a gangara.

Kyawun riguna uku shi ne ana iya tuɓe su ɗaya ɗaya. Hunturu a wurinmu ba yini yake yi ba. Da hantsi rana ta buɗe, da tsakar rana ma sai a nemi inuwa. Mai riguna uku ya naɗe biyu ya ɗaure a kariya. Mai ƙaton kwat fa? Ko ya dafu a ciki, ko kwat ya cinye wurin buhu. Ga kuma wata doka da masu keke na ƙasashen sanyi suke bi, wadda na ga ta dace da mu: ka fita daga gida kana ɗan jin sanyi. In ka ji ɗumi sosai tun kana ƙofar gida, ka yi sutura fiye da kima. Mutanen birnin Oulu a arewacin ƙasar Finlan, inda ƙanƙara take rufe ƙasa watanni, sanyi kuma yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, suna hawan keke zuwa aiki, 'ya'yansu kuma zuwa makaranta, da irin wannan tsari na riga bisa riga. Namu ɗarin bai kai ko kusa da nasu ba.

Wanda ba shi da kuɗin jaket bana kada ya ce an bar shi a baya. Tsohuwar jarida ko takarda mai kauri, a ninka a cusa tsakanin suwaita da ƙirji, tana tare iska ƙwarai. Ba dabarar talaka kaɗai ba ce. 'Yan tseren keke na Tour de France a Faransa sun daɗe suna karɓar jarida daga hannun 'yan kallo a ƙolin dutse, su cusa a ƙirji kafin su gangara. Amma rigar ruwa ta roba, wadda wasu suke sawa domin tare iska, ba na ba da shawararta. Tana tare iska, tana kuma tare gumi duka.

Yanzu ga abin da nake cewa a fara saye tun kafin riga: safar hannu. In sanyi ya kama mutum, jiki yakan rage jinin da yake aikawa yatsu domin ya tsare ɗumin ciki. Hannun mai keke kuwa yana gaba da kome, yana riƙe da ƙarfe mai sanyi, ba ya motsi. Ƙirji yana iya yin gumi alhali yatsu sun sandare. Sandararrun yatsu ba sa jan birki da sauri, ba sa kuma jansa da ƙarfi. Ku tuna da keke mai ɗauke da buhun dankali yana gangara, akuya ta yanko hanya ko rami ya bayyana. Abin da yake tsakanin mutum da karaya a nan ɗan lokacin da yatsu za su ɗauka su matse ne. Na sha ganin masu keke sun janye hannu ɗaya sun cusa a aljihu, ko sun jawo hannun riga sun rufe yatsu, suna tuƙi da tafin hannu. Wannan wasa da rai ne. Safar hannu ba sai mai tsada ba. Irin ta magina, mai roba a tafi, tana kama ƙarfe da kyau. Ta ulu zalla tana da ɗumi amma iska tana ratsa ta, tana kuma zamewa a kan birki, sai dai a sa ta a ciki a ɗora wata a kai. Gwada a kasuwa: sa ta, ka dunƙule hannu, ka buɗe. In ta matse ka, bar ta, gama matsi yana hana jini gudu, sanyin ma ya fi.

Bayan hannu sai kunne. Kunne fata ce marar kauri da take tsaye a iska, shi ya sa yake zafi kamar ana yanka shi. Hular sanyi ta saƙa wadda ta sauko ta rufe shi ta isa. Abin da nake tsoro shi ne hular nan da take haɗe da kwat, wadda ake jawowa a rufe kai duka a ɗaure a haɓa. Mai ita in ya waiwaya, cikin hular yake gani, ba hanya ba. Ba ya kuma jin motar da take tahowa ta baya sai ta iso. Mai keke da kunnensa yake ganin bayansa. Wanda yake bin babban titi kullum, in yana da hali ya nemi hular kwano, ya sa hular saƙa marar kauri a ƙarƙashinta. Dogon mayafi da ake naɗewa a wuya a bar jelarsa tana lilo, da doguwar riga mai saukowa gwiwa, duka suna iya shiga kaca ko wayoyin ƙafar baya. A cusa jelar mayafi cikin jaket, a ɗaure bakin wando na dama da roba ko a tura shi cikin safa.

Ƙafa ba ta da wuyar sha'ani. Silifa ba takalmin hunturu ba ne. Rufaffen takalmi da safa guda mai kauri sun isa. Mai ban ruwa ya riƙe busasshiyar safa a leda domin dawowa, gama hawan keke da jiƙaƙƙiyar ƙafa shi yake kawo kaushi da faso. Man kaɗanya a leɓe da hannu da diddige kafin a fita, wannan iyayenmu mata sun riga mu sani.

Akwai kuma abin da ba a lissafa shi cikin kayan sanyi, amma ni na sa shi daidai da safar hannu, watau fitila. Hunturu ba ɗari kaɗai yake kawowa ba, yana kawo hazo. Ƙurar nan daga hamada take tasowa, yawancinta daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, iska ta kwaso ta har kanmu. Ran da ta yi kauri, ko jiragen sama sukan fasa sauka a Kano da sauran filayen arewa, domin matuƙi ba ya ganin ƙasa. To, in jirgi da dukan na'urorinsa ya haƙura, yaya direban tifa mai fitila ɗaya zai ga mutum a kan baƙin keke, cikin baƙin kwat, da ƙarfe biyar da rabi na asuba? Kayan sanyi na gwanjo kuwa yawancinsu baƙaƙe ne ko masu duhu, mu ma su muke zaɓa domin ba sa nuna datti. Ina roƙonku ku juya wannan tunani. Jaket ta waje ta zama mai haske: rawaya, ja mai haske, ko fara. In ba a samu ba, a ɗora falmaran mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya. Farar fitila a gaba, ja a baya. Ta bayan ce mutane suke mantawa, ita ce kuwa mai ceton rai, gama motar da take gabanka kana ganinta, ta bayanka ita ce take bukatar ta gan ka. Tsohon dainamo yana da kyau tun da ba ya cin batir, amma haskensa yakan dushe a hawa, ya mutu in ka tsaya. Ƙananan fitilun caji na yanzu sun fi shi a nan, ana kuma iya cajinsu da hasken rana tare da waya. Ɗan ƙyalle mai ƙyalli a idon sawu ko a feda yana da amfani fiye da girmansa, domin yana hawa yana sauka, idon direba kuwa abin da yake motsi yake fara kamawa.

Ƙurar tana shiga hanci da ido kuma. Takunkumin tufa irin wanda muka saba da shi tun 2020 yana tare manyan ƙwayoyin ƙura, yana ɗumama iskar da ake shaƙa, ko da yake ƙura mai laushi sosai tana ratsa shi. A riƙa wanke shi kullum. Mai ciwon fuka kada ya dogara da takunkumi kaɗai, ya ga ma'aikacin lafiya tun farkon hunturu, ya kuma riƙe maganinsa a aljihu. Tabarau yana kāre ido, amma da asuba sai fari, ba baƙi ba.

Gargaɗi biyu game da neman ɗumi a hanya. Na ɗaya, jesi da jaket ɗin da na yaba ɗazu na roba ne, roba kuwa ba ta ƙonewa kamar auduga, narkewa take yi ta manne a fata. In ka tsaya jin ɗumi a wutar kara wurin mai shayi, kada ka matsa kusa, kada kuma ka juya wa wuta baya. A gaya wa yara wannan musamman. Na biyu, masu cewa ƙoƙon burkutu ko ɗan kwalbar nan mai zafi yana korar sanyi, jikinsu yana ruɗinsu ne. Barasa tana buɗe hanyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi a waje alhali ɗumin ciki yana zurarewa, ga shi ta rage masa saurin jan birki. Kunu mai zafi ko shayi kafin a fita shi ne itacen da murhun ƙirji yake so.

Na san abin da wasu za su ce. Ɗari na wata uku ne kawai, kwat kuma yana hidima biyu: a hau keke da shi, a je taro ko biki da shi a fito da mutunci. Wa zai je ɗaurin aure cikin jesin ƙwallo da falmaran mai ƙyalli? Gaskiya ne, ban kuwa ce a ƙone kwat ba. Wanda yake da shi ya ɗaure shi a kariya, ya sa in ya sauka, lokacin da jiki ya huce yana bukatarsa. Maganata ga wanda kuɗinsa na abu guda ne. Wata ukun nan kuma ba na banza ba ne, su ne watannin noman rani. Manomin da ya faɗi a gangare ya kwanta da karaya a Janairu, wa zai yi masa ban ruwa? Lambun kabeji ba ya jiran mai jinya.

A nan ne ƙungiya take da aiki. Tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, har da dilar gwanjo. Mai saye ɗaya ɗaya a tsakiyar Disamba shi yake biyan kuɗi mafi yawa, gama kowa yana nema a lokacin. Ƙungiyar da take haɗa kuɗi ta sayi taki tare, me zai hana ta sayi safar hannu da fitilu da falmaran dozin dozin a wurin 'yan sari, ta raba wa 'ya'yanta a kan kuɗin sari, su biya bayan sun sayar da amfani? Suwaita da jaket kuma a saye su a Maris ko Afrilu, sa'ad da zafi ya shigo masu gwanjo suna neman rabuwa da su. Amma ban goyi bayan ƙungiya ta sayi dila a ɗaure ba. Dila sa'a ce, ba ka sanin abin da yake ciki sai ka yanke igiya, kuɗin jama'a kuwa ba na gwada sa'a ba ne. Gara a aiki mutum biyu masu ido, mace da namiji, su tsaya wurin da ake buɗe dila su zaɓa da hannunsu. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar kyau ba. Abin da aka sayo a wanke shi da sabulu, a shanya a rana kafin a raba. Hulunan sanyi kuwa ba sai an je kasuwa ba. A kowace ƙungiya akwai mata masu saƙa da kwarashi. A saya musu ulu mai launi mai haske, a biya su ladan aikinsu, kuɗin ya zauna a gari. A fara da kawunan yara 'yan makaranta, domin su ne suke fita da sassafe, ƙaramin jiki kuma ya fi saurin rasa ɗumi.

Keken ma yana shan hunturu. Ƙura in ta haɗu da mai a kan kaca takan zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye kacar da haƙoran da take bi. Kada a tuttula baƙin man da aka juye daga inji. Sau ɗaya a mako a goge kaca da tsumma, a ɗiga mai kaɗan mai tsabta, a juya feda, a sāke gogewa har wajen ya bushe. A duba robar birki, in ta taurare ko ta cinye a canja ta kafin a ɗora buhu na gaba, a kuma goge gilashin fitilar baya kowace safiya, gama ƙurar kwana ɗaya ta isa ta dushe shi.